Ƙofar da Ta San Hannunta

Dillaliyar ta yi ta fama da ƙofar ɗakin sama, ta ƙi buɗuwa. Solène ta matso, ta ɗan ɗaga mariƙin, ta tura da kafaɗa. Ƙofar ta buɗe kamar dama ita take jira.

Gaspard ya tsaya cak a matakala yana kallon matar da zai aura. Tun safe yake mita kan wannan tsohon gida na Figeac: rufi na yoyo, bango duk danshi, ɗumama shi lokacin sanyi kaɗai zai cinye albashinsa. Ita kuwa ko a jikinta.

"Wa ya koya miki wannan dabarar?"

Ta sunkuyar da kai. "Gidan kakar Lucien ne."

Lucien, tsohon saurayin da ta rantse ta manta da shi.

"Ashe shi ya sa yoyon bai dame ki ba."

"Gidan nake so, Gaspard, ba shi ba."

Ya daɗe yana hararar ƙofar, sannan ya juya ga dillaliyar.

"Za mu saya. Amma ƙofar nan ita za a fara cirewa."