Ƙarafan Bakin Rufi

Tunda ka ce aikinka ka gama saninsa, matso in ba ka misali. An yi wani kafinta a ƙasarmu, gwanin rufin kwano, wanda tun yana miƙa wa ubansa ƙusa aka cusa masa karatu ɗaya: rufin kirki shi ne wanda ba ya riƙe komai. Ruwa ya sauka, ya gangara, ya kama gabansa. Duk inda ganye ya maƙale, nan tsatsa za ta ci, nan yoyo zai fara. Da wannan karatu ya yi suna, har kansa ya ɗan kumbura. Yana da wa guda, wanda ya riƙe shi bayan rasuwar ubansu, ya daɗe yana zaune a wata ƙasar sanyi. Wan ya yi ta faɗi-tashi har ya ɗauko shi zuwa can. Da bazarar can kafinta ya sauka, ƙasa kore shar, bai ga komai na tsoro ba. Jama'armu na garin suna da wani tsohon ɗakin taro da suka mayar masallaci, rufinsa na kwano ne mai gangare, yana yoyo ta saman ƙofa. Kafinta ya ce zai gyara saboda Allah. Da ya hau sai ya tarar da waɗansu ƙarafa an jera su a gicciye kusa da bakin rufin, kamar haƙoran manjagara, busasshen ganye ya taru a jikinsu. Ya ja dogon tsaki. Ya kwance su kaf, ya zubar a bayan masallaci, ya shimfiɗa sabon kwano sumul. Wata tsohuwa 'yar gari da ke maƙwabtaka ta tsaya tana nuna sama, tana girgiza kai, tana magana da yarensu. Ya ɗauka shisshigi ne irin na tsofaffi, ya ɗaga mata hannu ya ci gaba da aikinsa. Wan, wanda duk zamansa a garin bai taɓa ɗaga kai ya dubi rufi ba, ya ce ko a ɗan tambayi masu gari. Kafinta ya ce, "Haba Yaya, a kan kwano za a koya mini aiki?" Wan ya yi dariya, ya bar maganar, don yana alfahari da ƙanensa.

Abin da kafinta bai sani ba shi ne, a can ba ruwa kaɗai ke sauka daga sama ba. Ƙarafan nan an sa su ne su tare dusar ƙanƙara, su riƙe ta a kan rufi ta narke a hankali, kada ta zubo gaba ɗaya a kan masu shige da fice. Sanyi ya shigo, dusa ta yi ta zuba kwana da kwanaki, ta taru a kan masallaci har ta kai gwiwar mutum. Kafinta ya duba ciki bai ga ko ɗigo ba, ya ji daɗi a ransa. Ran wata Juma'a rana ta fito. Masallaci ya cika, an kunna na'urar ɗumama ɗaki, ɗumi ya hau ya taɓa kwano, ƙasan dusar ya soma narkewa ba mai gani. Aka idar da salla, aka watse. Wan nan yana fama da ciwon gwiwa, kullum shi ne na ƙarshe, yakan zauna a benci a bakin ƙofa ya ɗaura igiyar takalminsa a hankali. Kafinta ya yi gaba don ya tayar da mota. Sai ya ji ƙara kamar tifa ta juye yashi. Ya waiwaya, babu benci, babu ƙofa, sai farin tudu. Ya yi ta tona da hannu har yatsunsa suka daina ji, mutane suna taya shi. Suka sami wan da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan a hannunsa, rai ya riga ya yi halinsa. Bayan an yi sadakar uku, kafinta ya zaga bayan masallaci, ya tono ƙarafan daga cikin dusa, ya hau ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya, tsohuwar tana kallonsa ta taga. Ya ɗaure su tam, amma wanda za su tsare yana kabari. Ka lura, tsakar rana abin ya faru, gari fari fat, idon gwani a buɗe. Shi ya sa Bahaushe ya ce rashin sani ya fi dare duhu.