Dutsen Wuyan Inna Kuluwa

Tun tana yarinya aka yi wa Inna Kuluwa aikin ciwon dajin maƙoshi. Ta warke, amma masu irin ciwonta, asibiti kan rataya musu ɗan dutse a wuya har ƙarshen rayuwa, yana fitar da bugun zuciya a fili, likita na saurare daga nesa.

Mamuda ɗanta na fari ne, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ranar da ya dawo daga doguwar tafiya, ya tarar da ita tana tankaɗe. Ya durƙusa.

"Inna, na same ku lafiya?"

"Lafiya lau," ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Dutsen kuwa ya kama bugawa kamar kalangun biki. Can ya yi tsit, sannan ya ci gaba.

Muryar likita ta fito daga cikin dutsen: "Inna, lafiya? Gudu kuka yi?"

"Ba komai, Likita. Yaron nan ne ya dawo."

Rariyar hannunta ko gezau. Mamuda ya matso kusa, yana sauraron abin da bakinta ba zai taɓa faɗa ba.