Madarar Shekara Sittin

A wurin bincike na filin jirgi aka karɓe mata gorar madara, shi ya sa tun da jirgin samansu ya ɗaga daga Ulaanbaatar zuwa Seoul tsohuwar ta runtse ido, ta ƙi buɗewa.

Shekara sittin ba ta taɓa fashi ba. Kowace safiya sai ta watsa wa sama ludayin farko na madarar da ta tatsa, kafin kowa ya kurɓa. Yau ga ta za ta ratsa saman nan hannu rabbana.

"Kaka, likitan zuciya za mu gani, ba lahira muka nufa ba," in ji jikarta.

"Rufe min baki, 'yar birni. Wa ke shiga gidan babba ba gaisuwa?"

Jirgin ya kutsa cikin gajimare yana jijjiga, sannan ya natsu. Rana ta ɗumama mata fuska. Ta buɗe ido ɗaya.

Ƙarƙashinsu fari ne fat, mai kauri, har da kumfa, ya malale iya ganin ido.

Ta daɗe da goshinta a jikin taga.

"Ashe tarawa ake yi," ta ce a hankali. "Ko ɗigo bai zube ba."