Wakilin Ta'aziyya

Yana kafe moto a bakin kasuwar Buza, akwatin allurar rigakafi ɗaure a baya, wani dattijon ƙauyensu ya riƙe hannunsa ya ce, "Ɗana, ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Malam."

A haka ya ji cewa mahaifinsa ya kwana uku a kabari.

Shekara shida ke nan bai ɗauki konje, hutun aiki, ba. Ya bi kwari da tudu har ƙafafunsa suka kumbura, jininsa ya hau. Duk ranar da ya nemi hutu, sai manjo, shugaban asibitinsu kuma amininsa, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗan'uwa, aikin nan ibada ne." Shi kuwa ya yarda, domin maganar gaskiya ce.

Ya isa gida bayan la'asar, an riga an naɗe tabarmin makoki. Ya durƙusa gaban mahaifiyarsa.

"Inna, wallahi ban ji ba. Inda nike babu rezon waya."

"Mun sani. Shi ya sa tun Malam na da rai munka kira manjonku ya aika maka." Ta gyara lulluɓinta, ba ta dube shi ba. "Mutumin kirki. Da kanshi ya zo ya sallaci gawa. Ya ce saƙo ya ishe ka, ka ce saura ƙauye huɗu, shi ya tsaya maka."

Sai ya tuna, jiya manjon ya kai masa ƙarin allura har daji. Sun ci a kwano ɗaya, sannan manjon ya shige gaba ya ja shi sallar azahar.