Sulhun Barista Abdulgani

"An janye ƙarar," in ji Barista Abdulgani, yana naɗe baƙar rigarsa a harabar kotu. "Je ki huta, ƙanwata."

Khairiyya ma'aikaciyar wani gidan rediyo ce. Ita ta ba da labarin cewa Alhaji Jibrin, dillalin taki a Kalgo, yana cakuɗa takin zamani da yashi kafin ya sayar wa manoman Masama. Alhaji ya kai ta ƙara kan ɓata suna. An matsa mata ta faɗi wanda ya tsegunta mata, ta ƙi. Lauyanta Barista Abdulgani kaɗai ta gaya wa, domin shi ne wanda duk taron 'yan jarida ake gayyata ya yi jawabi kan riƙon amana.

"Me suka nema, Barista?"

"Neman afuwa kawai a rediyo. Na rubuta, na miƙa wa manajanku."

A gidansu da ke Gwandu ta saurari sanarwar: "Muna neman afuwar Alhaji Jibrin bisa ƙaryar da Zayyanu, mai ɗinke masa buhuna, ya shara mana."

Washegari 'yan sanda suka tafi da Zayyanu, allurar ɗinki na hannunsa. Khairiyya ta kira Barista, ta gaya masa.

"Na ji, Allah ya kyauta," ya ce cikin natsuwa. "Ɓata suna ba ƙaramin laifi ba ne. Ki gaya wa iyalinsa su zo ofishina. A duk Kebbi ba za su sami ƙwararre kamata ba."