Gyaran da Baba Ya Yi wa Jirgina

"Na gyara maka shi," in ji Baba da guduma a hannu, ina shigowa daga makaranta.

Na duba, sai na ga ya bi dogon jirgina na wasa duk ya kafe shi da ƙusoshi. Tun kafin ya kawo mini ziyara Greensboro a Amurka, tsohuwar da nake haya a saman benenta ta gargaɗe ni: in ta ƙara jin rugugin jirgin ƙasana na wasa, in tattara komatsaina. Hutu guda na ɓata ina shimfiɗa soso da roba a kan teburin jirgin, ina manna dogon da gam, domin ƙusa ce ke kai ƙara cikin katako. Har jirgin ya koma tafiya shiru kamar mage.

"Na tsufa a reluwe ta Zariya, ban taɓa ganin dogo babu ƙusa ba. So kake ka hallaka mutane?"

"Baba, mutanen na roba ne."

Ya kunna jirgin. Gida ya ɗauki rugugi. Nan take sandar tsintsiyar tsohuwar ta fara dukan silin daga ƙasa.

Baba ya kasa kunne, ya washe baki.

"Ka ji ko? Sai yanzu mutanen gari suka san jirgi ya iso."