Babban Yatsan Ungozoma

Tun da aka daina allurar naƙuda, facin magani ungozoma Tabawa ke manna wa masu haihuwa a cinya. In ta danna shi da babban yatsa, lantarkin da ke cikin facin ya ɗan ja, maganin ya ratsa fata.

Ran nan haihuwa uku ta karɓa. Tana tashi aiki sai ga ta a ƙofar ƙanwarta Kande, wadda suka shekara tara ba sa ga-maciji, har da runguma.

"Yaya, lafiya kuwa?" in ji Kande.

"Kewarki nake yi."

Washegari ta ba malamar asibiti labari. Malamar ta duba yatsan, ya yi jajir.

"Inna, da jiƙaƙƙen hannu kike dannawa? Ai ke ma yana shigar ki. Maganin da ke kawo naƙuda, shi ke sa uwa son jaririnta." Ta miƙa mata safar hannu. "Kwana biyu zai sake ki."

Tabawa ta yi ta jujjuya safar. To kewar ta wa ce, tata ko ta facin? Ga shi yau Kande za ta kawo mata dambu. Ta cusa safar a ƙasan jaka, ta jiƙa hannu.